Jajaye Uku a Cikin Takalmi

Aikin ɗaurin kaya wahala ce, ba na ɓoye wa kowa. Ya cinye mini baya, ya cinye gwiwar dama, yanzu yana lallaɓa ta hagu. Shekara goma sha huɗu na yi ina yin sa a Guangzhou, wadda mu muke kira Gwanzu, kuma ban tuna ranar da na kwanta babu inda ke ciwo a jikina ba. Ku yaran yanzu kuna ganin kwali da salatif sai ku ce ai wannan ba sai an koya ba. To ku zauna ku ji. Boko dai aji huɗu na tsaya, saboda haka yadda abin ya zo mini haka zan rubuta shi.

Dilar farko da na ɗaure ta wandunan jins ce, na wata Hajiya 'yar Kano da ta saro a Shisanhang, titin tufafi masu araha. A wurin Baba Ilu na ɗaure ta, wani dattijo mutumin Maraɗi mai sito a bayan kasuwannin Liwan. Shi ya ɗauke ni a 2004, bayan Alhajin da na rako sayen takalma ya koma gida, ni kuma na ce zan gwada zama. Na jera wandunan, na matse, na ɗinke buhun da basilla, na zagaye da salatif har dilar tana ƙyalli. Na ja baya ina jiran yabo. Baba Ilu ya matso. Ya tattare rigarsa, ya hau kan dilar, ya yi tsalle sau biyu. A na biyun ta fashe ta gefe.

Ya ce, "Bakano, dilar ga kwana arba'in za ta yi bisa ruwa. Ta sauka Kwatano a jefa ta mota, ta iso Maraɗi a jefo ta ƙasa. Babu mai tausayinta a hanya. Kai ne uwarta, kai ne ubanta. Sake."

Sau huɗu na sake ta ranar.

Kayan aikinmu ba su da yawa, duk suna shiga jaka ɗaya: reza, basilla da zarenta, salatif mai faɗi, maka baƙa ta rubuta suna, tef ɗin awo. Sai sikeli da injin ɗamara da ke zaune a sito. Amma kowanne da ƙa'idarsa. Reza ba ta shiga kwali fiye da tsawon farce, in ba haka ba ka tsaga wa mutum rigar da ya biya. Sunan mai kaya a gefe uku ake rubuta shi, don duk yadda aka kifa kwalin a gani. Kayan jirgin sama kilo ake biya, sai ka rage nauyin kwali ka zare takardun da ake cusa wa takalma. Kayan ruwa kuwa wuri ake biya, duk kafar da ka bari iska ka yi wa jigila da kuɗin mai kaya. Loda kwantena gini ne. Mai nauyi a ƙasa, mai laushi a sama, kwali ya hau kan haɗin biyu kamar bulo, kuma kafin ka ɗaga na farko ka riga ka san inda na ƙarshe zai zauna. Sai da na shekara biyu kafin Baba Ilu ya bari na rufe kwantena ba ya wurin.

Masu kaya kowa da halinsa. Ɗan Kano zai tsaya a gaban sikeli yana rantsuwa cewa kilo biyu sun ƙaru tsakanin kasuwa da sito. Mutumin Yamai zai yi ta kiran ka faturon, wato maigida, har sai an zo biya. Amma abin da ya haɗa su duka shi ne ɓoye kuɗi inda ba ka zato: cikin safa, cikin aljihun wandon samfuri, cikin takalmi. Su ɓoye, su manta. A kan wannan Baba Ilu yake da dokar da ya fi tsanantawa. Duk abin da ka tsinta, ko yuwan ɗaya ne na kuɗin China, ba ka sa shi a aljihu ka ce sai an jima. Nan take za ka ɗaga hannu sama ka yi cigiya da ƙarfi, kowa ya ji, kowa ya gani: "Kuɗin wa?" Yakan ce hannun da ya nufi aljihu, ko da kyakkyawar niyya ne, shaiɗan ya riga ya rako shi rabin hanya. A gabana ya sallami wani gwani da ya fi ni iya aiki nesa ba kusa ba, a kan dala ashirin da ya ce ajiyewa ya yi zai bayar. Abin ya zauna mini a jiki har ba na tunani, hannun ne kawai ke tashi.

Sai shekarar Olamfik ta zo, 2008. A Beijing za a yi wasannin, amma mu a Gwanzu muka kwashi kashinmu a hannu. Tun watanni kafin a fara aka ƙuntata biza. Da can in taka ta kusa ƙarewa, sai ka tsallaka Hong Kong ko Makau ka sabunta ka dawo. Aka wayi gari an rufe mana wannan ƙofar. Sai ka koma ƙasarku, kuma ba za a sake ba ka ba sai da takardar kamfani mai rajista, mai jan hatimi. Siton Baba Ilu ba shi da wannan ikon, shi kansa a inuwar wani lawban yake, wato maigidan wurin ɗan China. Alhazai suka daina zuwa. Mu da muke rufe kwantena uku a sati, sai ga mu muna yin sati biyu muna kallon juna. Bizata saura sati bakwai. In ta ƙare ba takarda, ko dai in tafi ba dawowa, ko in zauna ina ɓuya kamar ɓera, ga 'yan sanda na duba fasfo a titi. Mata da 'ya'ya uku na bari a Kano, kuma da bayan nan nawa suke ci.

A wannan tsakanin na haɗu da Kolin. Bature ne ɗan arewacin Ingila, yana da kamfani mai fitar da jakunkunan mata daga Shiling, garin masana'antun jaka da ke can wajen birni. Kunnuwansa a murɗe suke kamar an tauna. Ya zo sitonmu neman wurin ajiya na kwana biyu, ya gan ni na saɓa dila mai kilo tamanin na hau da ita bayan mota. Ya zagaye ni yana kallo yadda ake duba bijimi a kara.

Ya ce, "Kana gudu?"

Na ce, "In an biyo ni."

Turancina na kasuwa ne, amma mun gane wa juna. Ashe suna da 'yar gasar ƙwallon zari-ruga tsakanin unguwanni, ƙungiya shida, yawanci malamai masu koyar da Turanci da injiniyoyin masana'antu da ɗalibai baƙi. Shi ne mai riƙe da ƙungiya ɗaya, kuma matsalar biza ta kwashe masa ƙattai biyu. Na gaya masa tawa matsalar. Ya ce, "Ka buga mana, zan kula da kai." Ni a fahimtata takardar yake nufi, ita kaɗai.

Wasan ba shi da wuyar ganewa ga wanda ya yi kokawa a ƙauye. Mutum goma sha uku kowane gefe, ƙwallo doguwa kamar ƙwai, a hannu ake riƙe ta. Baya ake miƙa ta, ba gaba ba. In an kayar da ku sau shida kun ba da ita. Nawa aikin shi ne in rungume ta in nufi gaba har sai an kai ni ƙasa, in kuma tana hannun wani in kai shi ƙasa. Kafin wasan farko sakatariyar gasar, wata 'yar Ostareliya mai gilashi da kowa ke kira Madam, ta ba ni takarda in sa hannu. Ta karanta mini a hankali: gasar ta sha'awa ce, ba a biyan ɗan wasa ko sisi, ƙungiyar da ta biya za a kwashe makinta. Na ce na ji, ai ba kuɗi suka kawo ni ba.

Asabar ta uku da na buga muka kara da ƙungiyar da ke saman teburi, a filin wata makaranta. A wata rumfa a gefen fili muke canza kaya, takalmanmu na shiga gari a jere a bakinta. Ranar na kai ƙwallo bayan layi, wanda shi ne cin maki, da mutum uku a rataye a jikina. Daf da tashi wani ya sa mini kafaɗa a haƙarƙari, na ji ƙas, na ci gaba. Muka ci. Kowa na ihu, Kolin har da rungume ni a kan haƙarƙarin.

Takalmina baƙin kambas ne na yuwan talatin, irin wanda rabin Gwanzu ke sawa. A jerin nan kaɗai akwai irinsa uku. Na zura ƙafa na ji abu. Na zaro, sai ga jajayen takardun yuwan uku, 'yan ɗari-ɗari, a naɗe. Abin da ya zo mini shi ne wani ya ɓoye kuɗinsa kafin wasa ya kuskure takalmi. Ban ma gama tunanin ba hannu ya tashi sama, da muryar sito na ce da Turanci:

"Kuɗin wa? Kuɗin wa ne a takalmina?"

Madam tana tsaye taku biyu daga inda nake, da kyaftin ɗin waɗanda muka ci, tana miƙa wa Kolin takardar sakamako ya sa hannu. Kowa a rumfar ya juyo. Fuskar Kolin ta yi ja kamar gauta.

Ya ce, "Naka ne, Sale. Mantawa ka yi."

Na ce, "Ba nawa ba ne. Yuwan takwas na fito da shi daga gida, kuɗin bas."

Wani a baya ya dafe kai. Madam ta cire gilashinta ta goge ta mayar, sannan ta ce kowa ya kifa takalminsa. Aka kifa. Takalma biyu suka ƙara zubo da jajaye, na wani ɗalibi ɗan Fiji da na Didiye, wani ɗan Kamaru mai ƙirar samudawa da muke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a fili. Daga baya na ji wannan tsohuwar al'ada ce a garinsu Kolin tun kakanni. Ba a miƙa maka, ba a faɗa maka, ka sa takalminka ka tafi gida ka ja bakinka. Kowa ya sani, har Madam ta sani. Abin da ba su taɓa gani ba shi ne wanda zai ɗaga shi sama yana cigiya.

Aka kwashe makin ƙungiyar duka. Aka dakatar da Kolin shekara guda, mu uku aka kore mu daga gasar.

Na daɗe ina juya maganar biyan nan a raina, kuma har yau ban ba kowa gaskiya duka ba. Madam ta ce mini a bakin fili, in aka yarda a riƙa biya, mai kuɗi zai sayi kofi, ƙungiyar malaman makaranta ta watse. Haka ne. Amma masu cewa a buga don sha'awa duk albashinsu na jiran su ƙarshen wata. Injiniya ya karye, ya kwanta a gida, kamfani ya biya asibiti. Ni in na karye, yarana sun karye. Didiye da kuɗin takalmin nan yake biyan haya, ni na toshe masa. Sau biyu na je har inda yake zama, bai amsa sallamata ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ra'ayina shi ne in za a biya a biya a fili, in ba za a biya ba kada a je sito a ɗauko talaka a ce ya ba da haƙarƙarinsa don sha'awa.

Kolin ya daina ɗaukar wayata. Kwana bakwai ina kira. Biza saura kwana goma sha ɗaya, ga haƙarƙari ba ya barin in yi tari. Na zauna na gaya wa Baba Ilu komai. Ya yi dariya har da hawaye.

"Kai Bakano! An ba ka goro a ɓoye, ka hau hasumiya kana kiran salla!"

"Ai kai ka koya mini, Baba."

"Na koya maka, amma ban ce ka bar hankalinka cikin sito ba." Ya share ido. "To ji nan. Ka sa hannu ba ka amsa, kuma ba ka amsa ba. Da ka gane ka yi shiru, da ka ci ƙarya. Tashi ka iske shi inda yake. Kada ka ba shi haƙuri bisa abin da ka yi. Ka ba shi haƙuri bisa abin da ya same shi. Ba ɗaya ba ne."

Ya ciro kuɗin mota ya ba ni, a lokacin da shi ma shayi da burodi yake wuni a kai. Allah Ya jiƙan Baba Ilu.

Kwantenar da na tarar a Shiling mai ƙafa arba'in ce, a harabar wata masana'anta, ƙofarta a buɗe, ta cika har baki, ga kwali sittin da huɗu a ƙasa ba su shiga ba. Kolin yana tsaye yana ɗaga murya, lawban ɗin masana'antar yana kaɗa hannu yana cewa "meyo, meyo," wato babu wuri. Dole motar ta tashi kafin magariba, in ba haka ba jirgin ruwan ya wuce su. Da ya gan ni ya ce, "Ba yau ba, Sale. Tafi." Na faɗi abin da na zo faɗa a bayan ƙeyarsa. Bai juyo ba. Na juya zan tafi, sai idona ya faɗa cikin kwantenar.

Wallahi ban yi niyyar magana ba, bakin ne ya suɓuce. "Wa ya yi wannan aika-aikar?"

Kwalayen girma uku ne, amma an jera su duk fuska ɗaya, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Kowane layi an bar kafar taƙi guda a gefe, a sama kuma wurin da akuya za ta kwanta. Na zaro tef daga aljihu na auna kwali uku, na auna faɗin ƙofa, na yi shiru ina jera su a kaina. Na ce a sauke fiye da rabi.

Lawban ya yi tsalle. Kolin ya juyo karon farko. "In ka kasa fa?"

"In na kasa ai da ma ka rasa jirgin."

Ya ce a sauke. Ma'aikata huɗu aka ba ni, ba na jin yarensu sai na ciniki, ba sa jin nawa. Da farko suka tsaya suna kallona, har sai da na sunkuya na ɗauki babban kwali da kaina. Haƙarƙarin ya soke ni har na ga duhu, amma na kai shi ƙurya na kwantar da shi ta gefe, na sa ƙarami biyu a kafar da ta rage. Suka shiga daram. Babbansu ya leƙa, ya yi wa sauran magana, daga nan sai nuni da hannu kawai. Wannan a tsaye, wancan a kwance, ƙananan a sama. Cikin kwantena da rana a Gwanzu tanda ce, rigata sau uku ina matse ta. Na yi azahar a kan buɗaɗɗen kwali a inuwar motar, na koma. Bayan la'asar kwali na ƙarshe ya shiga, mutum biyu suka sa kafaɗa aka ja sakata. Lawban ya zagaya harabar yana neman wanda aka manta, bai samu ba. Ya dawo ya miƙo mini taba. Ba na sha, amma na karɓa na ce masa shiye-shiye, godiyarsu ke nan.

Da motar ta fita Kolin ya zauna a kan dakali, na zauna nesa kaɗan.

Ya ce, "Shekara huɗu ina neman kofin nan."

Na ce, "Na sani."

"Me ya hana ka ja ni gefe ka tambaye ni?"

"Ba haka aka koya mini ba."

Sannan ya ciro walat ya ce wannan na aikin yau ne. Na ce to a hannu, a gaban lawban. Ya yi wata gajeriyar dariya ta hanci, ya ƙirga mini a tafin hannu.

Ya ce, "Takardar da na yi niyyar yi maka, ƙarya zan rubuta, in ce kai ma'aikacina ne alhali ƙwallo kake buga mini. Yanzu ba sai na yi ƙarya ba. Duk sati biyu ina da kwantena, kuma kullum sai an bar mini saura a ƙasa. Gobe ƙarfe tara ka zo ofis da fasfonka. Amma ka sani ban huce ba."

Na ce ba komai, ya huce a hankali.

Takardar ta fito da jan hatiminta saura kwana huɗu bizata ta ƙare. Na tafi gida ta hanyar da ta dace, na ga Olamfik a talabijin ɗin maƙwabci a Kano, na dawo bayan wata huɗu da bizar aiki. Shekara shida na yi ina rufe wa Kolin kwantena, Asabar da Lahadi ina wurin Baba Ilu. Da wannan aikin na yi katanga na yi rufi, yarana suka wuce ajin da na tsaya. Ban sake taɓa ƙwallon zari-ruga ba. Na gode wa Allah, na gode wa tsohon da ya hau kan dilata ya fasa ta, na gode wa Baturen da yana cikin fushi da ni bai hana idonsa ganin aiki ba. Ku kuma da kuke cewa ba sai an koya ba, ku sani ranar da komai ya ƙwace mini, tef ɗin awo da abin da ke kaina ne suka tsaya mini.

Ƙarfe tara Kolin ya ce mini ran nan a Shiling. Washegari da na idar da asuba na ɗaure haƙarƙarina da tsohon rawani, na sa fasfo a leda, na hau bas ɗin farko. Bakwai saura ina ƙofar ofishin, a kulle. Na zauna a kan matakala da fasfon a hannu, na jira.